Butar Hamma

Asabar, da hantsi

Casa'in da uku. Na sauka, na cire mayafi da awarwaro, na sake hawa. Casa'in da uku dai. Sikelin nan ko kunyar ido ba shi da ita.

Likitan Kano casa'in yake so ya gani kafin ya taɓa ni. Jinina ya dace da na Hamma, duk gwajin da suka yi ya dace, sai wannan jikin nawa da ya tsaya a hanya. Ƙoda ɗaya za su cire mini su sa wa yayana, amma ya ce ba zai yanka ni da wannan nauyin ba, in rage tukuna. Shi kuma Hamma sharaɗinsa daban, kada ya zo musu da ruwa a ƙirji. An ba mu zuwa ƙarshen watan gobe. In muka wuce, a ba wasu gurbin, mu koma bayan layi. Ban tambayi tsawon layin ba.

Kilo shida na zubar tun bayan Sallah, kamar wasa. Na bar tuwon dare, na bar lemo, na bar fanke, ni Mas'uda da ko gidan gaisuwa na je sai an ga bakina yana motsi. Yanzu saura uku kacal, su kuma sun kafe.

Lahadi, bayan azahar

Zafi, kai! Tun jiya aka ɗauke wuta a unguwarmu Fadaman Mada, keken ɗinki na ƙafa nake takawa, gumina na ɗiga a kan atamfar mutane.

Hamma gora ɗaya ce rabonsa, 'yar ƙaramar ta roba, wuni da kwana. A ciki zai haɗiyi magani, a ciki za a lissafa ruwan miya. Sista Liatu ta ɗakin wankin ƙoda ce ta ja layi a jikin gorar. Ƙodarsa ba ta fitar da komai yanzu, abin da ya sha yana nan zaune a jikinsa sai inji ya cire ranar Talata da Juma'a.

Ɗazu na buɗe randa a rumfa, moɗa ta yi ƙara. Ƙofar ɗakinsa tana kallon rumfar. Ya ji, amma ba zai roƙa ba. Mutumin da ya yi kiwo yana yaro, ya kora shanu daga Miri har Zungur cikin rana, ban taɓa jin ya ce yana jin ƙishi ba. Haka Hajja mahaifiyarmu ta rene mu, ba a faɗin yunwa, ba a faɗin ƙishi, ba a kallon babba a ido. Amma na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na mayar da moɗar ban sha ba.

Litinin, da sassafe

Casa'in da biyu da ɗigo uku! Allahu akbar. Jiya kofin shayi ɗaya na sha wuni guda, yau ga sakamako. Ashe duk yaƙin da nake yi da tuwo, ɓarawon yana cikin randa. Ni da nake ɗaukar jarka kullum ban taɓa tunanin ruwa nauyi ne da shi a cikin mutum ba. To na gano bakin zaren. In Hamma zai rayu a kan gora ɗaya, ni ma zan iya, in huta da kunyar buɗe randa a gabansa.

Abincina kwaɗon zogale da ƙuli, na cika masa yaji da dunƙule don ya shiga. Da yamma kilishi, tunda shi ba tuwo ba ne.

Talata, bayan la'asar

Mun dawo daga wanki. Kafin su ɗaura shi a inji sai sun auna shi, su ga ruwan da ya taru tun wankin baya. Kilo biyu aka yarje masa. Yau uku da rabi.

Sista Liatu ta kalli sikeli, ta kalli Adda Bintu matarsa, ta kalle ni. Ta ce, "Wa ke ba Malam Hammajoda ruwa a gidanku?"

Adda Bintu ta ce wallahi gorar nan ce kaɗai, ita ke cika ta, ita ke wanke ta.

"To daga sama yake sauko masa?"

Hamma yana kallon silin kamar maganar wani ake yi. Awa huɗu ya yi a injin, ya fito ƙafarsa na ɗaurewa, sai da muka riƙe shi zuwa keke napep.

Alhamis, da sassafe

Casa'in da uku da ɗigo ɗaya. Wai me?

Alhamis, da yamma

Kaina kamar ya rabe biyu. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Mai rigar ta zo karɓa na yi mata tsawa, baiwar Allah ba ta yi mini komai ba. Sau ɗaya na zaga bayi yau, abin da ya fito kamar shayin da aka manta a wuta.

Asabar, da sassafe

Casa'in da uku da ɗigo bakwai. Ban ci ba, ban sha ba, ina ƙaruwa. Na ɗaga sikelin na girgiza shi, na canza masa batir, na kai shi kan siminti. Bai fasa ba.

Asabar, bayan magariba

Na cire silifa na ga shatinsa a bayan ƙafata. Na sa babban yatsa na danna wajen idon sawu. Ramin ya tsaya, yana kallona, sai a hankali ya cike.

Na san wannan ramin. Ni na riƙa danna ƙafar Baffa, mahaifinmu, a shekarar da ya kwanta. Ni na danna ta Hamma bara, ina yi masa tsiya wai ya fara ƙibar manya.

Ba zan rubuta sauran ba.

Lahadi, da hantsi

Zobe ya ƙi fita. Na sa sabulu.

Lahadi, bayan la'asar

Na sa safa. Hajja tana tsintar shinkafa a rumfa, ba ta ɗago ba ta ce, "Safa a wannan zafin? Sanyi kike ji?"

Na ce sauro.

"Sauron rana."

Ta ci gaba da tsintarta.

In ciwon ƙodar nan ne ni ma, to ba ni da abin ba shi. Mu biyu Hajja ta haifa suka rayu, babu na uku da za a gwada. Tsoro nake ji. Na so in rubuta cewa don shi kaɗai nake jin tsoron, amma ƙarya ne, har don kaina.

Litinin, da hantsi

Na shiga gyara masa ɗaki yana waje. Ga ledar magungunansa, ga 'yan ƙananan fararen nan masu sa fitsari. Na ɓallo biyu. Na ce in na sha kumburin ya sauka, sikeli ya sauka, kowa ya huta. Suna tafin hannuna Adda Bintu ta yi sallama, na mayar da su cikin ledar. Ban san abin da zan yi ba da ba ta shigo ba. Na sani. Allah ya yafe mini.

Litinin, bayan azahar

To ga wata sabuwa.

Hajja ta kira ni ɗakinta, ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado, ta tsiyaya a kwanon sha. Baƙi ƙirin. Rubutu ne, daga malaminta na Zungur, ɗan acaɓa ya kawo. Ta ce, "Kai wa na ɗakin can."

Hajja ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Tunda ya kwanta ba ta taɓa zama a gefen gadonsa ba, ba ta taɓa tambayar jikinsa a gaban mutane ba. Ashe ta nan take bi.

Na ce, "Hajja, tun yaushe?"

"Bintu ke kaiwa. Yanzu ta fita."

"Hajja, likita ya hana shi ruwa."

Ta ɗago ta kalle ni kamar na yi saɓo. "Ruwa aka hana shi. Wannan ayar Allah ce."

Me zan ce? Na ɗauki kwanon na fito. Ban kai masa ba. Zubarwa kuma ba zan iya ba, a ina zan zubar da sunan Allah, a kwata? Na shiga shagon ɗinkina na cikin gida, na rufe ƙofa, na tsaya da kwanon a hannu. Ƙamshin ƙaro da hayaƙi yake yi. Na ce bismillah, na kafa kai.

Wayyo Allah. Ban san haka nake jin ƙishi ba. Na shanye tas, na karkata kwanon ina jiran ɗigon ƙarshe. Sai na zauna a kan buhun ƙyalle na yi kuka, don daɗin da na ji, da sanin cewa wannan daɗin shi na ƙwace wa Hamma.

Na mayar wa Hajja kwano. Ta ce, "Ya sha?" Na ce an sha.

Litinin, bayan magariba

Na tare Adda Bintu a kicin. Ta ce kwano ɗaya ne kawai a rana, kuma ita surukar gida ce, wace ita da za ta ce wa Hajja a'a? Ta yi gaskiya, amma ban faɗa mata ta yi gaskiya ba. Na ce daga yau ni zan riƙa karɓa.

Aƙalla an kama ɓarawon ruwan Hamma. Saura nawa ɓarawon.

Talata, bayan la'asar

Da aka ɗaura shi a inji na bi Sista Liatu zuwa ɗan ɗakinsu, na cire safa na nuna mata ƙafata. Ta durƙusa ta danna. Ta sake dannawa.

Ta ce, "Me kike ci?" Na faɗa. "Me kike sha?" Na faɗa.

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ke Mas'uda, da hankalinki? Gishiri da dunƙule da kilishi, babu ruwa, a wannan zafin, kina zaune kan keke tun safe har dare? Ai dole jiki ya riƙe ɗan abin da ya samu. Kin cika shi da gishiri, kin hana shi abin da zai wanke gishirin. Wanda kika ga ya ragu ranar farko ba kitse ba ne, bushewa ce. Ƙodar da za ki ba mutum ita kike gasawa?"

Na ce ai shi ma gora ɗaya yake sha.

"Shi tasa ta mutu! Taki na da rai. Shi an hana shi, ke an umarce ki. Kada ki ƙara haɗa kanki da shi."

Ta ɗauki jinina da fitsarina, ta ce sai Juma'a. Na gaya mata zancen ƙwayoyin nan da na ɓallo. Kallon da ta yi mini ya ishe ni. Ta ce da na sha, da kaina zan soke tafiyar Kano.

Hamma yau ma uku da ɗigo shida. Na gaya mata zancen rubutu, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ba mu ne na farko ba. Ranar Juma'a za a ga bambanci.

Laraba, da hantsi

Ina sha. Na ajiye jarka a shago, ina rufe ƙofa, ina taka keke babu zare don kada ya ji ƙarar haɗiyata. Kwaɗon ba dunƙule kamar ciyawa. Kilishin na ba maƙwabta.

Rubutun Hajja ma ni ke sha. In akwai waraka a ciki, to tana shiga ƙodar da za ta koma jikinsa. Da haka nake lallashin kaina.

Alhamis

Jiran Juma'a.

Alhamis, bayan la'asar

Jiran Juma'a. Na danna ƙafa sau nawa yau, oho. Kamar ramin ya rage zurfi. Kamar bai rage ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Lafiya lau! Jini lafiya, fitsari lafiya. Sista Liatu ta ce ƙodata garau take, sai dai mai ita ce ba ta da kai. Na rungume ta a gaban mutane, ta ture ni tana dariya. Ta ce in riƙa tashi daga keke ina zagaya tsakar gida, in ɗora ƙafa a kan filo, kuma in daina hawa sikeli kamar mai hawa acaɓa, nauyin mutum na hawa da sauka a wuni ɗaya.

Murnata ba ta kai ƙofa ba. Hamma kilo huɗu.

Huɗu. Babu rubutu, kuma huɗu.

Asabar, da sassafe

Casa'in da biyu daidai. Jiya na yi ta zarya zuwa bayi har Hajja ta ce ko gudawa nake. Zobe ya fita da kansa.

Hamma a zaune ya kwana. Adda Bintu ta ce in ya kwanta numfashi ƙin zuwa yake yi, sai ta jera masa filo uku.

Lahadi, bayan azahar

Na yi abin kunya. Na ce wa Adda Bintu ita ke ba shi a ɓoye, tausayinta zai kashe shi. Kalmar ta fita kafin in kama ta. Ta ajiye muciya, ta ce, "Shekara goma sha tara nake tare da shi, Mas'uda. Ke ƙoda za ki ba shi. Ni da tawa ta dace, da duka biyun zan bayar." Ta shige ɗaki.

Na bincike ɗakinsa kamar 'yar sanda. Ƙarƙashin gado, bayan akwati, aljihun riguna. Ko ledar ruwa ɗaya babu. Yana zaune yana kallona da carbi a hannu.

Talata, da yamma

Huɗu da ɗigo biyu. Likitansu ya zo da kansa ya sa masa abin sauraro a baya. Ya ce zuciya tana wahala, in aka ci gaba haka Kano ba za su karɓe shi ba. Ya faɗi wani abu kuma bayan wannan. Na ji shi sarai, maganar ransa ce, ba zan rubuta ba.

A keke napep muna dawowa ina ta lissafi. Ni ina sauka, shi yana hawa. In na kai casa'in shi bai kai Kano ba, me na yi ke nan?

Laraba, da hantsi

Casa'in da ɗaya da ɗigo uku. Ko daɗi ban ji ba.

Na ba Adda Bintu haƙuri. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da akwai komai.

Hajja kuwa yau har da fara'a. Ta ce mini a hankali, rubutun nan yana aiki, ko ban lura ba? Na ɗakin can ya koma ga Allah gaba ɗaya, ba ya zama babu alwala, walaha, nafila, ba ya bari. Na ce alhamdu lillahi.

Alhamis, bayan la'asar

Innalillahi.

Ina zagayen tsakar gida yadda Sista ta ce, na ga butarsa babu ruwa, na cika. Na yi zagaye na koma shago. Da na sake fitowa babu ruwa. Na cika. Sai na tsaya na kalli wurin da yake alwala, gindin bishiyar lemun tsami. Buta biyu ta ƙare a nan, amma ƙasar da ƙyar ta jiƙe.

Na koma shago na ɗaga labule kaɗan. Ba a jima ba ya fito yana jan ƙafa, ya zauna a kan turmi, ya wanke hannu. Ya kamfaci ruwa ya kai baki. Na jira ya furzar. Bai furzar ba. Na biyu, bai furzar ba. Na uku. Ya waiga ya kalli ƙofar Hajja, ya ƙara na huɗu, na biyar, idonsa a rufe. Sannan ya shafa sauran a fuska.

Hammana. Wanda ban taɓa ganin ya ci abinci a tsaye ba.

Na saki labulen. Ban fita ba. Na ji shi ya tayar da sallah.

Juma'a

Ban faɗa wa kowa ba. Huɗu.

Asabar, da hantsi

Na je wurin limamin unguwarmu da sunan tambaya ce ta wata ƙawata. Ya ce kurkurar baki sunna ce, mai lalura in ya bar ta alwalarsa ta yi. Ya kalle ni ya ce Allah ya ba ƙawar taki lafiya, shi da iyalinsa.

Yanzu ta yaya? Wa ke ɗauke buta daga gaban mara lafiya mai sallah? In na gaya wa Hajja, na tona masa asiri a gaban wadda ya fi jin kunya a duniya. In na gaya wa Adda Bintu, ba za ta iya ba. Saura ni, ƙanwa, wadda ya goya a bayansa.

Asabar, bayan azahar

Na ɗauke butar.

Ya fito ya lalubi gindin lemun tsami, babu. Ina tsaye a ƙofar shago da ita a hannu. Na durƙusa yadda na saba, kaina a ƙasa, na ce, "Hamma, daga yau ni zan riƙa zuba maka."

"Ajiye."

"Liman ya ce ko ba a kurkure baki ba—"

"Na ce ki ajiye, Mas'uda. Ke za ki hana ni sallah?"

Sai bakin nan nawa ya kufce. Na ce, "Sallah ko sha? Na gan ka, Hamma! Ni ina can ina cin ciyawa kamar akuya, ina zagin matarka, ina yi wa Hajja ƙarya, kai kana nan kana shanye buta!"

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Fuskarsa ta zama wata iri, kamar na tuɓe shi a kasuwa. Ya dafa bango ya tashi, ya shiga ɗaki ya ja labule. Na ji yana buga tafinsa a bango, taimama yake yi.

Hajja tana rumfa. Ta ji komai. Ta ci gaba da tankaɗe, garin na zuba a gefen faifai.

Lahadi

Bai yi mini magana ba. Butar tana shago.

Litinin, da sassafe

Casa'in da ɗigo huɗu.

Hajja ba ta kira ni karɓar rubutu ba jiya. Yau ma ba ta kira ba. Na ga ta kwashe duk butocin gidan ta kai ɗakinta, har ta bayi, mai buƙata sai ya je ya roƙa. Ba ta ce don me ba, babu wanda ya tambaya.

Na kai masa koko rabin kofi, na gaishe shi. Ya amsa wa bango.

Talata, bayan la'asar

Biyu da ɗigo ɗaya! Sista Liatu ta sa ya sauka ya sake hawa. Ta ce, "Malam, me ya faru?" Ya kau da kai. Ta kalle ni, na kalli ƙasa. Ta ce in ya riƙe haka zuwa ƙarshen wata, likita zai sa hannu a tafi.

In ya riƙe. Leɓensa ya tsattsage, harshensa fari fat. Sista ta ce a ba shi ɗan gutsuren ƙanƙara ya tsotsa, a cire daga lissafin gorar. Ina za mu samu ƙanƙara babu wuta? Na saya a bakin titi, kafin mu kai gida ta zama ruwa.

Har yanzu bai yi mini magana ba. Ko a Kano ma kada ya yi, ni dai a je.

Laraba, da sassafe

Tamanin da tara da ɗigo takwas.

Na tsaya a kan sikelin ina jira in ji wani abu. Nawa ya ƙare. Babu sauran abin da zan yi da jikina, duk abin da ya rage yana wurinsa, kuma ba zan iya jin ƙishin a madadinsa ba.

Laraba, bayan la'asar

An kira sallah ina shago, sai na ji muryarsa. "Mas'uda."

Na fito da gudu har na taka mayafina. Yana zaune a kan turmi, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Na gaji da bango. Kawo butar."

Na karɓo a wurin Hajja. Ta miƙo mini. Na durƙusa a gefensa, na zuba masa ya wanke hannu. Na sake zubawa, ya haɗa tafinsa biyu, ruwan ya taru, ya ɗaga zai kai fuska. Sai na kau da kai, yadda na saba tun ina yarinya.

Ya ce, "Mas'uda, ƙishi nake ji."

Ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Muryar ma kamar ba tasa ba.

"Ƙishi nake ji wanda ban san akwai irinsa ba. Ina mafarkin rafin Zungur. In ana wanke-wanke toshe kunne nake yi. Na rantse na daina ya fi sau ɗari, da ruwan ya zo kusa da bakina sai rantsuwar ta tafi." Ruwan na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa har ya ƙare. Ya sake miƙo hannu. "Zuba. Amma kada ki kau da kai. In kika kau da kai zan sha."

Na ce, "Hamma, ban iya kallon ka ba."

"Ki koya. Ƙodarki za ki ba ni, ido ne zai gagare ki?"

Na zuba. Na ɗago na kalle shi, tsakiyar ido, karon farko a rayuwata. Ashe idonsa irin na Baffa ne. Ya ɗaga ruwan, hannunsa na karkarwa, ya tsaya daidai leɓensa. Ya daɗe a nan. Ban ƙifta ba, hawaye na zuba ban share ba. Sannan ya datse baki, ya watsa ruwan a fuska, ya gangaro ta gemunsa ya zuba ƙasa.

Ya ce, "Saura biyu."

Na ƙara zubawa.